Ina Sunan Kakarka? Tsokaci a Kan Amaren Yaƙi da Gurbinsu a Adabin Hausa

Gabatarwa

Idan ka tambayi Bahaushe asalinsa, nan da nan zai jero maka: ni wane ne, ɗan wane, jikan wane, wanda ya taso daga gari kaza ya sari daji a wuri kaza. Amma ka ce masa, to ita matar kakan nan naka, wadda ta haifi mahaifinka, yaya sunanta, kuma daga ina aka kawo ta? A nan ne za ka ga ya yi shiru yana sosa ƙeya. Wataƙila ya ce ai Iya ake ce mata, ko Babarbariya, ko kuwa ya ce an dai ce daga gabas ta zo. Wannan shirun shi ne abin da ɗan tsokacin nan yake son ya taɓa, domin a nawa ganin akwai littattafai masu yawa a cikinsa da ba mu rubuta ba, kuma lokacin rubuta wasunsu yana gab da ƙurewa.

Matan da nake nufi su ne waɗanda yaƙi ya zama waliyyinsu, wato yaƙi ne ya raba su da garinsu, ya haɗa su da miji, ya kai su ƙasar da ba su sani ba. Zan ɗauki misalai daga ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, saboda ƙasa ce ta bakin iyaka wadda yaƙe-yaƙe suka sha ratsawa, amma maganar ta shafi marubucin Katsina da na Sakkwato da na Maraɗi baki ɗaya.

Yadda wasu suka yi da nasu

Turawa suna da suna na musamman ga irin waɗannan mata, wanda za mu iya kira amaren yaƙi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da na Kanada da suka zauna a Ingila sun auri 'yan matan can da yawa. Da aka gama yaƙi, a watan Disamba na 1945 majalisar Amurka ta yi doka ta musamman domin a shigo da matan nan. A watan Fabrairu na 1946 wani jirgin ruwa mai suna Argentina ya isa New York daga tashar Southampton ɗauke da mata sama da 450 da yara sama da 170, daga nan kuma jirage suka yi ta jigila. Kanada kaɗai ta karɓi mata wajen 48,000 da yara wajen 22,000, akasarinsu ta tashar Halifax. A wannan shekara ta 1946 ne kuma wani jirgin yaƙi na Ingila mai suna Victorious, wanda aikinsa dakon jiragen sama ne, ya kwaso amare sama da 600 daga Ostireliya zuwa Ingila.

Abin lura ga marubuci a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin jiragen nan yana da takardar fasinja. Jikar irin wannan amarya a yau tana iya zuwa gidan adana takardun tarihi, ko ta duba ta intanet, ta ga sunan kakarta da shekarunta da ranar da jirgi ya tashi da ranar da ya isa. Wata marubuciyar Ingila, Jojo Moyes, kakarta tana cikin amaren jirgin Victorious, kuma a kan wannan tafiya ta gina littafinta The Ship of Brides na 2005. Littafin soyayya ne, irin wanda mu ma mun iya, amma abin da ya ba shi ƙafar tsayawa shi ne bincike: zafin cikin jirgi, da cunkoson wurin kwana, da dokokin da aka gindaya tsakanin amare da matuƙa, da kuma tsoron da kowace take kwana da shi na kada a bugo waya a tsakiyar teku a ce mijin ya fasa, a sauke ta a tashar gaba. Marubuciyar ba ta zauna a ɗaki ta ƙago waɗannan ba, sai da ta bi takardu ta kuma saurari tsofaffi.

To mu fa, muna da namu amaren?

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan Maigatari da teku, garin da ko kogi babu? Gaskiya ne, amma a yi haƙuri a biyo ni. Amaren yaƙi a ƙasarmu sun zo ne zango huɗu, kuma teku ta shigo cikin biyu daga ciki.

Zango na farko shi ne na yaƙe-yaƙen kafin zuwan Turawa. Masarautar Gumel, wadda Ɗan Juma da Mangawa suka kafa wajen 1750, ta kasance a ƙarƙashin Borno, ba ta shiga daular Sakkwato ba, saboda haka ta zauna a tsakanin manyan maƙwabta: Haɗeja da Kano da Damagaram. Yaƙinta da Haɗeja ya daɗe, har Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu a fagen fama a 1872, sannan hare-haren Damagaram suka addabi ƙasar a ƙarshen ƙarni na 19. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya ga Gumel a 1851 tana cike da jama'a da cinikin kanwa, da ya sake biyowa a 1854 sai ya tarar rikici ya ɗaiɗaita ta. Littattafan tarihi suna faɗa mana wane sarki ya ci, wane ya faɗi. To amma kowane hari mata da yara ne manyan ganimarsa, kuma kowane ɓangare ya kama na wani. Macen da aka kamo ta zama baiwa, ko ƙwarƙwara, ko a fanshe ta a aura. Su ne kakannin da ake kira da sunan ƙabilarsu.

Zango na biyu shi ne na cin ƙasa da Turawa suka yi. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa ta arewa, ta ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, tana kuma jan ɗaruruwan mata kamammu waɗanda aka rarraba wa sojoji. Ragowar wannan runduna ce ta ci Damagaram a watan Yuli na shekarar. A ɓangaren Ingilishi kuwa, Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, kuma bayi mata da yawa sun yi amfani da ruɗanin suka gudu daga gidajen iyayengijinsu suka fake a bariki, suka zama matan soja. A 1906, bayan an murƙushe Satiru, an kwashi dubban mata da yara. A watan Afrilu na shekarar aka afka wa Haɗeja, maƙwabciyar Gumel, aka kashe sarkinta Muhammadu. Haka kuma bayan yaƙin Burmi na watan Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, jama'a masu ɗimbin yawa sun ci gaba da hijira gabas, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a ƙasar Sudan. Wasu daga cikin masu hijirar sun kai Sawakin, suka shiga jirgi suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda. A nan ke nan matan ƙasar Hausa, waɗanda wasunsu a kan hanya aka aurar da su, suka ga teku a dalilin yaƙi.

Zango na uku shi ne na aikin soja a ƙarƙashin Turawa. Rundunar da Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda sojan Nijeriya yake ɗauka a matsayin tushensa, da masu jin Hausa aka fara ta, kuma an kai irin waɗannan sojoji ta ruwa zuwa yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 a ƙasar da ake kira Gana a yau. Faransawa kuwa kafin 1914 sukan bar sojojinsu na Afirka ta Yamma su tafi da matansu a jirgin ruwa zuwa Kwango da Madagaska da Maroko. Bayan yaƙin Biyetnam da ya ƙare a 1954, wasu daga cikin sojojin nan sun dawo Dakar da matan da suka auro a can, zuriyarsu tana nan har yau. A Yaƙin Duniya na Biyu kuma, runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tashi a 1943 ta zagaya ta Afirka ta Kudu zuwa Bombay, ta 82 ta bi bayanta a 1944, suka yi yaƙi a Bama. Su waɗannan ba su tafi da mata ba. Amaren wannan zango su ne waɗanda aka bari a gida, aka ɗaura aure yau, jirgin ƙasa ya ɗauke ango gobe. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ya bi ta Gagarawa, daga Kano kuma akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin a kai bakin teku.

Zango na huɗu shi ne na yaƙin basasa, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970. Sojoji da yawa 'yan Arewa sun dawo da mata daga kudu maso gabas. Wasu so ne ya haɗa su, wasu yunwa ce, wasu kuwa ƙarfi aka nuna musu. Yarinyar da take da shekara 17 a 1969 ta haura saba'in a yau. Su ne kaɗai a cikin zangunan nan huɗu da har yanzu za a iya zama a gabansu a ji daga bakinsu.

Abin da littattafanmu suka yi da su

Bari mu fara da littattafan gasar 1933 waɗanda aka buga a 1934. Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara labarin mayaƙi ne yana ba da labarin kansa, tun daga zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora da karonsu da Turawa har zuwa ƙasashen aljanu. Littafi ne mai daɗin harshe da kirari, amma idon da yake kallon yaƙi da shi idon mai takobi ne. Garin da aka ci ana ƙirga shi a matsayin nasara, mutanen da aka kora a gaba kuwa ƙura ce kawai a bayan doki. Ba laifin marubucin ba ne, domin abin da ya sa gaba ke nan, amma ya kamata mu san cewa wannan idon mun gaje shi, kuma shi ne har yau yake aiki a littattafanmu na yaƙi da jarumta, inda ake ƙago wata daula a wata ƙasar Larabawa, a ajiye gimbiya a ƙarshen labari a matsayin tukwicin jarumi.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa shi ne ya fi kowane kusantar abin da nake magana a kai. A nan mun ga harin bayi daga ɓangaren waɗanda abin ya faɗa wa. Mahaifiyar Umar ta bar gida tana neman ɗanta da aka sace, aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa, aka ratsa Sahara da ita ta Murzuk har Tarabulus a bakin teku, inda ta ga ɗan nata sannan ta cika. A ganina wannan mata ita ce zuciyar littafin, ko da yake sunan ɗanta ne a bango. Duk da haka, ta bakin ɗanta muka san ta, shi kuwa malami ne mai ba almajiransa labari domin su koyi haƙuri da tawakkali. Mun ji wahalarta, amma ba mu shiga cikin ranta ba. Me take tunani a daren farko a gidan wanda ya saye ta? Da wane harshe take mafarki? Wannan ƙofa Balewa ya buɗe ta tun 1934, kuma ƙalilan ne daga cikinmu suka leƙa.

A ɓangaren waƙa, Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur ta tarbi mazan da suka dawo daga yaƙin duniya, kuma ta cancanci matsayin da take da shi. Barikokinmu ma sun riƙe tarihin mazan: akwai barikin Chindit a Zariya da na Dalet a Kaduna, duk sunaye ne daga yaƙin Bama. Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya rubuta Burma Boy da Ingilishi a 2007, inda ya bi wani yaro mai jin Hausa har dazukan Bama. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, ya nuna mana abin da yaƙin basasa ya bari a hannun maza da suka saba da bindiga. Sarraounia na Abdoulaye Mamani na Nijar, wanda ya fito da Faransanci a 1980 kuma Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, ya ɗaga mace, amma sarauniya ce mai yaƙi. Matan da ke ɗaure a bayan rundunar Voulet suna nan a gefen hoto. Marubutan kudu irin su Flora Nwapa da Buchi Emecheta sun rubuta abin da mata suka gani a yaƙin basasa, sai dai labarinsu yakan tsaya a inda motar soja ta juya ta nufi Arewa. Abin da ya biyo baya, wato sabon suna, da sabon harshe, da uwar miji, da kishiya, da tuwon dawa a madadin abincin da aka saba, da ranar da aka koma ganin gida ko aka kasa komawa, a gidajenmu ya faru, kuma mu ne ya kamata mu rubuta.

Akwai littafi ɗaya da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya karanta kafin ya taɓa wannan fage, shi ne labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 zuwa 1950, aka buga da Ingilishi a 1954. Baba ta ba da labarin mahara, da yadda aka kama 'yan gidansu, da yadda aka yi ta tara wuri domin fansa, duk a cikin muryar tsohuwa mai hira, ba tare da ta nemi a tausaya mata ba. Abin kunyar shi ne sai da baƙuwa ta zo daga Ingila da littafin rubutu sannan aka ji wannan murya, alhali kuwa kowace unguwa tana da irin Baba.

Abin mamaki kuma, tun daga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed a 1980, zuwa Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da ɗaruruwan da suka biyo baya, babu fagen da marubutanmu suka ƙware a kai kamar ɗakin aure. Mun san auren dole ciki da bai. To wane auren dole ne ya kai na wadda aka kamo da igiya? Kayan aikin suna hannunmu, abin da ya rage shi ne juyawa baya a dubi tarihi, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da bincike, mu kuma bincike ne ba mu so. Ya fi mana sauƙi mu kai tauraruwarmu Landan ko Dubai, garuruwan da a fim muka san su, da mu hau mota mu je Sule Tankarkar mu zauna da wata tsohuwa.

Ina takardun suke?

Wani zai ce ai Turawa suna da takardar jirgi, mu ba mu da ita. Wannan rabin gaskiya ne. Takardun fasinja da ke gidan adana tarihi na Ingila a Kew, na tsakanin 1890 da 1960, na masu shiga da fita tashoshin Ingila ne, saboda haka matar sojan da ta hau jirgi a Legas ta sauka a Ankara ta ƙasar Gana ba ta ciki. Amma muna da wasu takardun da suke yin irin wannan aiki.

Na farko, rajistar 'yantattun bayi. Bayan dokar 1901, wadda ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, lardunan Arewa sun riƙa rubuta waɗanda aka 'yanta: suna, da shekaru, da ƙabila, da yadda aka 'yanta, da inda aka kai mutum. A shekarun farko mata ne suka fi yawa, kuma a gaban sunan da yawansu an rubuta cewa an aurar. Masana irin su Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun yi aiki da waɗannan takardu a littafinsu na 1993 a kan mutuwar bauta a Arewa, wadda ba a haramta ta gaba ɗaya ba sai 1936. Irin waɗannan takardu suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, kuma da yake Gumel tana cikin Lardin Kano a zamanin Turawa, a cikin fayilolin lardin ne mai neman labarinta zai duba. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, da littafin tarihin Lardin Kano da Gowers ya tattara a 1921.

Na biyu, littattafan shari'a. Allan Christelow ya fassara wasu hukunce-hukuncen majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 zuwa 1914, aka buga a 1994, kuma duk wanda ya duba su zai ga yadda rigimar fansa da gado da aure take fito da rayuwar talaka fili. Ga marubucin da yake son ya rubuta matar sojan Bama, a nan labarinsa yake. A mazhabar Malikiyya, matar da mijinta ya ɓace takan kai ƙara, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. To ka ƙaddara an yanke hukunci, ta yi wani aure, ta haihu, sai ga soja ya sauka a tashar Gagarawa a 1946 da akwatinsa da lambar yabo a ƙirji. Wannan kaɗai ya isa littafi, kuma ba sai an aro komai daga fim ɗin Indiya ba.

Na uku, takardun soja. A gidaje da yawa akwai takardar sallama ko lambar yabo a ƙasan adaka, ɗauke da lambar soja da sunan runduna. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen mamata a intanet, ciki har da 'yan Nijeriya da aka rubuta a dutsen tunawa na Rangun, kuma a gaban wasu sunayen akan ga sunan matar mamacin da garinsu. Ga wanda danginsa suke tsallaken iyaka kuwa, wajen Dungas da Magarya da Damagaram, takardun Faransawa suna Yamai da kuma Aix-en-Provence a Faransa. Kada a manta iyakar nan da ta bi ta bayan Maigatari a farkon ƙarni na 20 aka shata ta, ta bar Tumbi, tsohon mazaunin sarautar Gumel, a cikin Nijar. Gida ɗaya yana iya zama rabin tarihinsa da Ingilishi, rabi da Faransanci, wani yanki kuma da ajami.

Na huɗu, kuma mafi girma, shi ne abin da ba a rubuta ba. Al'adarmu ta alkunya ita ce ta haɗiye sunayen matan nan: suruka ba ta faɗin sunan uwar miji, jikoki sun tashi sun ji ana cewa Iya ko Inna ko Gwaggo, salsala kuma ta wajen uba ake bin ta. Amma alamu sun rage. Laƙabi irin su Babarbariya da Bagobira da Bagwariya da Buzuwa taswira ce. Tsohon wanzami yana iya duban tsagar fuska a tsohon hoto ya faɗi ƙasar da aka yi ta. Waƙar reno ko ta niƙa da ake yi a gidanku kaɗai, mai wasu kalmomi da ba Hausa ba, wataƙila ita ce kawai kayan da kakarku ta iso da su. Haka wata miya da babu mai yin irinta a unguwa. Mai bincike ya fara da tsofaffin mata kafin maigida, kuma kada ya ce a ba shi tarihi, domin za a ce masa ba a sani ba. Ya tambayi abin da aka ci a hanya, da wanda ya ba da ruwa, da kwana nawa aka yi, da abin da aka fara gani da aka shigo gari. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, inda jama'ar ƙasashen biyu suke haɗuwa, mai kunne yana iya tsintar bakin zaren da zai kai shi ƙauyen da ake nema.

Ramukan da ke kan hanya

Akwai abubuwa uku da nake jan hankalin 'yan uwa a kansu. Na ɗaya, kada mu ari rigar Turawa mu yafa wa namu. Amaryar jirgin Argentina da yardarta ta hau, miji yana jiran ta a tasha da furanni. Akasarin namu ba a tambaye su ba. Marubucin da ya mayar da kamun hari ya zama soyayya, har kamammiya ta faɗa son wanda ya kashe ubanta a babi na uku, ya zalunce ta karo na biyu. Haka nan wanda ya mayar da ita abar tausayi kawai, mai kuka daga farko har ƙarshe, shi ma bai yi mata adalci ba, domin da yawansu sun zama uwayen gida, sun yi sana'a, sun haifi malamai da attajirai da sarakuna.

Na biyu, gori. A ƙasarmu har yau kalmar bawa tana hana aure, tana raba zumunci. Abin da ka tono a Kaduna a matsayin kayan littafi, a wurin wani asirin gidansu ne. Dole a nemi izini, a sauya sunaye da garuruwa, a kuma san cewa akwai labarin da mai shi za ta ba ka bisa sharaɗin sai bayan ranta. Amana ce. Amma kada tsoron gori ya sa mu yi shiru gaba ɗaya, domin shirun ne yake ciyar da gorin. Ranar da masu karatu suka gane cewa da wuya a sami gidan da babu irin wannan kaka, daga fada har bukkar talaka, ranar ce mai gori zai rasa bakin magana.

Na uku, a bambanta ƙaga labari da ƙaga tarihi. Marubuci yana da 'yancin ƙago abin da tauraruwarsa ta ji a ranta, da abin da ta ce wa kishiyarta. Amma ba shi da 'yancin sa jirgin ƙasa a Gagarawa a 1910, ko ya kai matar soja Bama, ko ya sa Gumel a ƙarƙashin tutar Sakkwato. Mai karatu da ya kama ka da ƙarya ɗaya a abin da ya sani, ba zai ƙara yarda da kai a abin da bai sani ba.

Kammalawa

Shawarata ga ƙungiya ita ce, rassanmu, musamman na Jigawa da Kano, su ɗauki wannan a matsayin aikin gayya. Kowane ɗan ƙungiya ya naɗi hira da tsohuwa ɗaya, da izininta, ya rubuta ta da Hausa yadda ta faɗa, a tara a wuri ɗaya. A fara da matan yaƙin basasa, domin su ne rana ta yi wa sanyi, sannan a bi 'ya'yan matan sojan Bama, sannan jikokin waɗanda aka kamo a zamanin hari. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta isa wannan aiki. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma tun ran gini ran zane. Matasan marubuta da suke kukan cewa an gama rubuta komai, babu sabon jigo, su koma gida su tambayi sunan kakarsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa alƙalaminmu ya zama mai amfani, amin.